Akwatin Jimmy: finafinan da suka riga mu ganin rabuwar gandu

Babu majalisar dattawa a Waca da za ta kwana biyu ba a tayar da zancen yaran zamani ba, kuma duk inda zancen ya zaga, a kan kallo yake sauka. Da can sinima ake zagi, aka koma kan bidiyo, yau salula ce ke shan tsinuwa. Wai su suka koya wa yaro ɗaga wa ubansa murya, su suka koya wa yarinya cewa ba ta son wanda aka ba ta. Na koyar a lakwal har na ajiye alli, na ga abin da kallo ke yi wa yaro, don haka ba zan wanke shi tas ba. Amma akwai abin da nake so ya zauna a rubuce. Tun kafin bidiyo ya shigo ƙasar Magarya da Dungas, an yi finafinan da suka nuna abin da ke tafe wa gidajenmu. 'Yan Nijar ne a cikinsu, 'yan Nijar ne suka shirya mafi yawansu, kuma mu da abin ya shafa kaɗan ne cikinmu suka taɓa sa su a ido.

Na farkonsu fim ɗin Faransa ne. Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, daga baya ya ajiye awo ya ɗauki kyamara, kuma bai rabu da ƙasar nan ba har 18 ga Fabrairun 2004, ranar da hatsarin mota ya yi ajalinsa kusa da Birnin Ƙonni. A Yamai aka binne shi. A 1957 yana Abijan, yana bin sawun samarin Nijar da ke gangarawa bakin teku neman kuɗi. A unguwar Treichville ya zauna da wasu daga cikinsu, 'yan dako da leburori masu fita kullum safiya ko za a ɗauke su aikin yini. Ya bi su da ƙaramar kyamara wadda ba ta ɗaukar sauti, daga tashar jiragen ruwa zuwa wurin mai abinci, daga mashaya zuwa bakin ruwa ranar hutu. Da aka harhaɗa hotunan, sai ya zaunar da babban ɗan wasan gaban allo, ya ce ya yi magana a kansu yadda ransa ya ba shi. Abin da ya fito shi ne Moi, un noir, wato "Ni, baƙar fata", wanda ya ci kyautar Louis-Delluc a 1958.

Babu ɗaya cikin samarin da ya fito da sunan da liman ya raɗa masa. Oumarou Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani ya zama Tarzan, budurwar kuwa Dorothy Lamour. Duk daga allon sinimar Treichville suka ari sunayen. Ganda ya shiga sojan Faransa tun bai cika shekara ashirin ba, aka kai shi yaƙin Indosin, ya dawo hannu rabbana. Fim ɗin ya gaya mana cewa ubansa ne ya kore shi daga gida, don ya dawo daga yaƙin da aka sha kashi. A Abijan yana mafarkin zama zakaran damben duniya, ya sha giya, ya yi faɗa da wani Bature ɗan Italiya a kan mace, ya sha duka, gari ya waye ya koma neman dako. Shi kuwa Eddie Constantine ya yi rigima da ɗan sanda, ya ƙare a gidan kaso.

A daidai lokacin su ma Faransawa 'ya'yansu sun hana su barci. A 1959 François Truffaut ya fitar da Les Quatre Cents Coups, labarin yaron da ke gudun lakwal, ya saci na'urar buga takardu, iyayensa suka miƙa shi gidan horon yara. Can daga baya, a 1983, Maurice Pialat ya yi À nos amours, inda uba ya fice daga gida ya bar budurwar 'yarsa tsakanin uwa mai kuka da wa mai duka. Jean-Luc Godard, wanda ya zama jigon sabuwar sinimar Faransa, ya yabi fim ɗin Rouch matuƙa kafin ya yi nasa na farko. Sai dai akwai bambanci. A finafinan Faransa yaro na gudun gidan da babu so a cikinsa. A namu yaro na barin gidan da babu kuɗi a cikinsa, kuma ba fitarsa ce ke fasa gidan ba, dawowarsa ce.

Wanda ya fara kama wannan dawowa da kyau shi ne Moustapha Alassane. An haife shi a Ndunga a 1942, ya fara da kanikanci, ya yi aiki da Rouch a Yamai, ya je Kanada ya koyi zanen da ke motsi wurin Norman McLaren. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, "Dawowar ɗan yawon duniya", fim na minti 34 kacal. Wani saurayi da ake kira Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati. Tsarabar da ke ciki kayan kaboyi ne: malafa mai faɗi, takalmi sau-ciki, ɗamara da bindiga. Ya raba wa abokansa, ya raba musu sunaye. Wanda jiya Ibrahim ne ko Bubakar, yau ya zama Black Cooper, James Kelly ko Casse-Tout. Budurwar da ke cikinsu ta zama Reine Christine. Suka hau dawakai, suka shiga caca da shaye-shaye da ƙwace, suka hana ƙauye sakat, iyayensu na kallo sun rasa ta inda za su kama su. Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama mai shirya fim, yana cikin 'yan wasan. Zalika Souley ce Reine Christine, kuma da wannan fim ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka riƙi wasan fim sana'a.

Ni sai da na girma, ina karatun malanta, na ga fim ɗin a wani zauren al'adu. Kowa dariya yake yi, don Alassane mutum ne mai barkwanci. Ni ma na yi tawa dariyar, amma da aka buɗe akwatin nan, wana na gani.

Kafin in faɗi labarinsa sai in faɗi abin da ya riƙe gida a wajenmu. Waca tsohon gari ne, ɗaya daga cikin sarautun Sosebaki, ita da Dungas da Mirya, kafin Damagaram ta haɗiye su a ƙarni na 19. Abin da ya ɗaure ɗa da ubansa a nan, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, gandu ne. Ɗa ko ya yi aure, gonar ubansa yake noma, rumbu ɗaya ake ci. Uba ya yanka masa gayauna, wadda wasu ke ce wa gamana, ya noma abin kansa a ranakun da aka ware masa. To amma gandu ba biyayya ce kaɗai ba, alkawari ne mai fuska biyu. Wajibi ne mai gida ya ciyar, ya biya wa ɗa lampo, wato haraji, ya yi masa auren fari, ya sayi ragon suna. Ɗa ya ba da ƙarfinsa, uba ya ɗauke masa nauyi.

Da Turawa suka ɗora lampo da tsabar kuɗi, gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, ta zama hanyar biyansa. Ƙasar Magarya da Matameye suna cikin cibiyar nomanta. A shekarun 1960 gujiya ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa, kuma a 1962 aka kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikinta. Muddin buhu na hawa sikeli, mai gida na iya cika alkawarinsa. Sai fari ya kunno kai daga 1968, ya yi ƙamari a 1973 da 1974, sa'an nan a 1975 kuturtar gujiya ta ƙarasa abin da ya rage. Kudu da mu kuwa arzikin man fetur ya buɗe, naira ta fito a 1973 da ƙarfinta. Cin rani ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun yi shi da allo ko da gatari. Sabon abin shi ne kuɗin gida gaba ɗaya ya koma hannun yaron da ya bi hanyar Babban Mutum ko Maigatari ya shiga Kano, ya bar uba da rumbu ba kowa.

Cikin waɗannan shekaru wana ya tafi, ya dawo da bazara ɗauke da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ya fiddo rediyo mai kaset, ya fiddo wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu, ga baƙin tabarau a fuska. Abokan tafiyarsa Janggo suke kiransa, sunan wani kaboyi da suka gani a sinimar Kano. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa gaban Baba yadda aka saba, amma bai cire tabarau ba. Baba ya amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, bai ce uffan a kan tabarau ba.

Bayan isha'i ya dawo ya zube kuɗi a kan buzu, lampon da ake bin gidan duka, har da na Baba kansa. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bana ina so a yanka mini gonata."

Baba ya daɗe yana jan tasbaha kafin ya ce, "Wa ya gaya maka na mutu?"

"Allah ya ja da ranka, Baba, ba haka nake nufi ba. Ni na biya lampo, ni zan nemi kuɗin aurena. In na ƙarar da damina a gandu, yaushe zan noma abin biya?"

Inna daga bayan zana ta ce, "Kai, ubanka kake gaya wa haka?"

Baba ya tattara kuɗin ya sa a aljihu, don ba shi da wata hanya, dogarin hakimi ya riga ya zo sau da yawa. Kakar shekarar nan rumbu biyu aka gina a gidanmu. Abin da gari ya ɗauka kuwa tabarau ne. Ko'ina ka zauna sai ka ji an ce Kano ta lalata ɗan wane, sinima ta juya masa kai, bai ko cire gilashi gaban ubansa ba. Babu wanda ya yi zancen kuɗin da aka zube a kan buzu. An ga hayaƙi an zage shi, an bar wutar tana ci. Gwamnatin Seyni Kunce ta soke lampon kai a ƙarshen shekarun 1970, amma gandun da ya rabu bai koma ba.

Oumarou Ganda bai tsaya a ɗan wasan wani ba. Ya koma Yamai ya kama kyamara da kansa. A Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes na 1969, ya ba da labarin sojan da ya dawo daga Indosin da kuɗi, abokan cin mushe suka taya shi cinye su, suka watse suka bar shi. Sai ya juya ga ɓangaren mata da Le Wazzou polygame. Wani Alhaji ya dawo daga Makka, ya ga budurwa mai suna Satou wadda ke da saurayinta, ya zuba wa iyayenta dukiya, suka ba shi ita ta uku. Matarsa ta biyu ta ɗauki hayar wanda zai kashe amarya, aka yi kuskure aka kashe wata daban, gida ya tarwatse. Wannan fim ne ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Zalika Souley ce ta fito a kishiyar, kuma ta sha zagi a titunan Yamai daga mutanen da ba su raba wasa da gaskiya ba. Rahmatou Keïta ta tattara labarin rayuwarta a fim ɗin Al'lèèssi a 2004. Duk wanda ya zauna ƙasar Magarya ya san yarinyar da aka ɗaura wa aure tana kuka, ta gudu gidan gwaggo, aka maido ta, ta sake gudu, har wata rana aka ji ta tsallaka iyaka. Ganda bai ɗora laifin a kan yarinyar ba, ya ɗora shi a kan kuɗin da aka karɓa.

Tsakanin gida da daji, da akwai abin da ke tare saurayi: samariya. Sarkin samari na da fadawansa, yana kiran gayya, yana shirya kokawa da wasan dandali, yana cin tarar wanda ya yi rashin kunya. Kunce ya farfaɗo da ita bayan juyin mulkin 1974, ya mai da ita hannun gwamnati. Samari suka gina azuzuwa, suka share gari, suka yi gasar wasan kwaikwayo. Zamanin ne Télé Sahel ta fara aiki, aka rarraba wa garuruwa talabijin na jama'a masu aiki da hasken rana, muka san su Yazi Dogo na ƙungiyar wasan Damagaram, masu yi da Hausar da muke ji. Amma da yake samariya ta zama ta mulki, da mulkin ya kau ta bi shi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai sunanta.

Gurbin da ta bari, gidan kallo da fada suka cike shi. Gidan kallo a wajenmu zana ce aka kewaye, inji na ruri a baya, talabijin a kan tebur an ɗora masa dutse don iska, yara a ƙasa, manya a benci. A lokacin, a ƙofa ka miƙa dala biyar. Da rana Indiya, da dare Canis ko Rambo, gobe yara su fito suna tsalle suna harbin iska da ƙafa. Daga 1990, da aka yi Turmin Danya a Kano, kaset ɗin Hausa ya shigo ya ture sauran. Ita kuwa fada benci ce da butar shayi da rediyo, inda samarin da ba su da gandu, ba su da aikin gwamnati, ba su da kuɗin aure, suke raba dare. Mafi yawan fadodi zumunci ne da taimakon juna. Amma a birnin Damagaram wasu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira pale, gungun samari masu ɗaga ƙarfe da riƙe wuƙa, kowace da unguwarta da abokan gabarta.

Su ne Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta shiga cikinsu ta yi fim ɗin Zinder a 2021. Ta je Kara-Kara, unguwar da aka ware tun da can aka tara kutare da naƙasassu a bayan gari, ta zauna da 'ya'yansu da jikokinsu. Da Hausa suke magana, Hausar da ɗan Waca zai ji ba tafinta. Akwai wanda ya bar pale ya koma kabu-kabu, akwai mai ɗauko man ruwa-ruwa daga iyaka cikin dare, akwai masu fasa dutse suna mafarkin kafa kamfanin gadi. Da yawansu ba su da takardar haihuwa, ba su taka lakwal ba. Sunan da wata pale ta raɗa wa kanta kuwa Hitler ne, kuma shugabanta ya ɗauka wani jarumin Amurka ne da ba a iya kayarwa.

A jera su a gani. Robinson a 1958, Black Cooper a 1966, Hitler a 2021, da Janggo na gidanmu a tsakani. Sama da shekara sittin saurayin ƙasar nan yana aron suna daga allo, kuma duk lokacin da ya yi haka, in ka duba bayansa, za ka tarar da abin da ya karye tun kafin ya shiga gidan kallo: yaƙin da ba nasa ba, gujiyar da ta ƙi, samariyar da ta watse, takardar haihuwar da ba a yi masa ba. Allo na ba da riga da suna. Dalilin cire tsohuwar rigar, a gida da gona yake. Wannan shi ne abin da Ganda da Alassane suka gani tun ƙasar nan ba ta shekara goma da 'yancin kai ba.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Alassane ya ƙare rayuwarsa yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Zalika Souley ta bi su a 2021. An sa wa babban gidan al'adu na Yamai sunan Ganda, FESPACO na ba da kyauta da sunansa, amma tambayi ɗalibin kwaleji a Waca ko Bande ko Dungas wane ne shi. Zai lissafa maka finafinan Ali Nuhu da na Shah Rukh Khan ba ya numfashi, na Ganda ko ɗaya. Ba laifinsa ba ne. An ɗauki finafinan nan a kan zaren fim wanda sai da injin sinima ake haska shi, tsoffin gidajen sinima kuwa sun rufe. Mafi yawansu da Faransanci ko Zabarmanci ake magana, kuma kyawawan kofensu sun fi sauƙin samu a ɗakunan ajiya na Faransa da a kasuwar Magarya.

Maganin wannan ba ya da tsada. A Kano, ɗakunan fassara irin su Algaita suna sa wa fim ɗin Indiya na awa uku bakin Hausa, cikin 'yan kwanaki ya iso salular yaro a Waca. Abin da aka yi wa Bahindiye ba zai gagara a yi wa Bazabarme ba. Ina kira ga cibiyar finafinai ta ƙasa, da Télé Sahel, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, su zauna da magadan waɗannan mutane da masu riƙe da haƙƙin finafinan, a fassara su da Hausa, a sake su a katin salula da gidajen kallo, a kai su kwalejoji a haska wa ɗalibai da iyayensu tare. Masu kallo ba za su yi ƙaranci ba: kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba.